Fili, Kango ko Ginannen Gida: Shawarata ga Mai Shirin Saye a Kano

Ƙanina malamin makaranta ne, shekararsa tara yana haya a Ɗorayi. Bana mai gidan ya aiko masa da ƙarin da bai taɓa jin irinsa ba, ya kuma ce a kawo na shekara cif, ba rabi-rabi kamar yadda suka saba ba. Ya same ni bayan isha'i ya ce, "Yaya, na gaji. Ga ɗan abin da na tara, ga kwasar adashin wurin aiki na nan tafe, mai ɗakina ma ta ce za ta sayar da sarƙarta. Me zan saya?" Mun kai sha ɗayan dare muna wannan magana. Abin da na faɗa masa shi nake rubutawa nan, don na san irinsa ba su ƙirguwa a garin nan.

Kafin a zo ga me za a saya, sai an san yanayin kasuwar da za a shiga. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, aka kuma saki Naira bayan makonni kaɗan, lissafin gini ya rikice wa kowa. Tipar yashi da dutse a kan mai suke zuwa. Rodi da kwano da tayil da wayar wuta duk Dala suke kallo. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu goma a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar a riƙa sayarwa tsakanin dubu bakwai zuwa takwas. Wanda ya aza harsashi da lissafin 2022 ya san abin da nake faɗa: kangwayen da suka tsaya a linta a bayan gari su ne shaida.

A ɗaya gefen kuma fili sai tashi yake. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ya ga kuɗinsa na narkewa a banki, ƙasa yake zubawa, don ya san ba ta ruɓa. Ga bayin Allah da rashin tsaro ya koro, a da daga Borno da Yobe, yanzu daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa a Kano. Cikin ƙwaryar birni da unguwanni irin su Nassarawa da Bompai da Tarauni sun daɗe da fin ƙarfin mai albashi. Saboda haka gari yake bin tituna yana miƙewa: hanyar Gwarzo ta wuce sabuwar jami'ar Bayero ta doshi Janguza, hanyar Katsina ta haɗe Dawanau, hanyar Haɗeja ta kama Jogana da Gezawa, hanyar Maiduguri ta wuce Mariri. A hanyar Zariya, tun da aka mayar da masu sayar da magani kasuwar Ɗangwauro a 2024, dillalan yankin suka canza baki. Haka Zawaciki ta yi bayan buɗe tashar tsandauri ta Dala a farkon 2023. Duk inda aka ji ƙamshin wani babban aiki, gonar gero ta zama fuloti kafin damina ta zagayo.

To a wannan kasuwa me mai ƙaramin ƙarfi zai saya?

Ginannen gidan 'yan gina-ka-sayar ba na ba kowa shawararsa. Fenti da tayil da fitilu ne a sama, a ƙasa kuwa bulon da aka buga buhu guda ya ba da abin da bai kamata ya bayar ba, damina biyu bango ya fara magana. Gidajen gwamnati irin na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suna da tsari da faffaɗan titi, amma ba da kuɗin adashin malamin makaranta ake tunkararsu ba. Bashin gida na Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda ake cirar wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa tun dokar 1992, kuɗin ruwansa kashi 6 ne, ana iya biya har shekara talatin; mai sauƙi ne a takarda, sai dai da yawanmu kalmar ruwan ce ke tsayar da mu, wanda bai damu da ita ba kuma jiran layi ke gajiyar da shi.

Tsohon gida a cikin gari ya fi waɗannan cancantar a tsaya a kansa kaɗan, don yana da abin so: ga maƙwabta, ga masallaci, ga makaranta, ga wuta da aka riga aka ja. Matsalarsa mafi yawansu gidajen gado ne. Magada goma sha biyu, tara sun yarda, biyu suna Legas, ɗaya tana aure a Maraɗi ba a ma gaya mata ba. Ka biya, ka yi gyara, ka tare, sai sammaci daga kotun shari'a. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, idan gida bai rabu ba ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓe. In har zuciyarka ta kwanta da gidan gado, kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu a gabanka ko ta hannun wakilin da kotu ta sani. Maganar babban wa cewa "ai ni ne uba a gidan nan" ba ta tsayawa a gaban alƙali.

Saura biyu, kuma a tsakaninsu yawancin mutane suke zaɓe: filin awon igiya, da filin da kamfani ya yanka.

Awon igiya shi ya gina rabin Kano, ba zan raina shi ba. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka ƙafa hamsin-hamsin, a rubuta takarda a gaban mai unguwa, shi ke nan. Yana da araha, ba dogon turanci. Amma je ka ga unguwannin da aka yanka haka shekara ashirin baya. Lungu mota ba ta shiga, mace na naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na maƙabarta ba, ba a bar hanyar ruwa ba, kowa ya saki kwatarsa a ƙofar ɗan'uwansa. Ranar da hukumar tsara birni ta KNUPDA ta zo fitar da titi kuwa, jan fenti ne a bangonka. Mutane da yawa ba su san cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna ba. Abin da kake riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma in aka karɓe don amfanin jama'a, diyyar da doka ta fi magana a kai ta abin da ka gina ko ka shuka ce. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce shaidar mallaka ba. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya ga yadda gini mai hawa-hawa ke zama ƙura a wuni guda, balle ɗaki biyu da ba su da lamba a taswirar kowa.

Ni abin da nake so, wanda kuma na tura ƙanina gare shi, fili ne a shimfiɗar kamfani mai tsarin da hukuma ta amince da shi, ka biya a hankali, ka gina a hankali. Amma ba kowane kamfani ba. Akwai sharaɗi guda da na ɗora sama da farashi, sama da nisa, kusan sama da takarda ma: yaya kamfanin yake zaune da mutanen ƙauyen da ya sayi gonakinsu? Ban koyi wannan a littafi ba. Da kuɗina na koya.

Shekarun baya na sayi fuloti a wurin wani kamfani da sunansa ya cika gari a lokacin. Ofis mai sanyi, yara masu riga iri ɗaya, taswira mai launi a bango. Da azumi suna raba shinkafa da taliya, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Sun ɗauki nauyin gasar ƙwallon matasa, sun kai kaya gidan marayu. Ni kuwa na ce mutanen da ke wannan alheri ba za su ci haƙƙin wani ba. Na biya kashi-kashi har na gama, aka ba ni takarda mai hatimin zinare. Ranar da na kai tipar yashi ta farko, wani dattijo ya fito daga cikin gero da sandarsa ya tsaya a gaban motar. Na sauko na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, ba da kai nake faɗa ba. Amma gonar nan ta ubana ce. Kafin alƙalami kawai aka ba mu, aka ce bayan wata uku za a cika. Yau shekara biyu ke nan. Yashinka ba zai sauka a nan ba."

Bai yi ƙarya ba. Kamfanin ya ba manoma ɗan somin-taɓi, ya yanka gonar a takarda, ya sayar mana, ya ɗauki kuɗinmu ya je ya ba da somin-taɓi a wata gonar. Mu sama da talatin muka yi ta zarya tsakanin ofishinsu da wurin 'yan sanda da kotu. Bayan shekara uku na karɓi kuɗina a gutsure, a lokacin ba za su sayi rabin filin da suka saya a da ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau ba kuɗin ba ne. Shinkafar da na gani ana rabawa a hoto, da haƙƙin wannan dattijo aka saye ta, da nawa.

Tun daga nan nake raba alherin kamfani gida biyu. Akwai na gaban kyamara, akwai na cikin ƙasa. Na gaban kyamara shi ne buhun azumi, kofin ƙwallo, ɗauko fitaccen mutum ya yi talla, rubuta sunan kamfani a bangon masallacin da wani ya gina. Ban ce haramun ba ne, wanda ya ci shinkafar ya ƙoshi. Amma ba ya gaya maka komai game da filin da za ka saya, sau da yawa ma an yi shi ne don kada ka tambaya. Na cikin ƙasa shi ne wanda ba ya ɗaukuwa a mota a gudu da shi.

Inda na saya daga baya, inda nake zaune yanzu, ba zan faɗi sunan kamfanin ba don kada a ce talla nake, amma zan faɗi abin da na gani. Kafin su sayar da fuloti ko ɗaya sun gama biyan manoma, a gaban dagaci, kowa da shaidunsa. Wasu manoman ma ba kuɗi kaɗai suka karɓa ba, an bar musu fulotai a cikin shimfiɗar, yanzu maƙwabtanmu ne, 'ya'yansu da namu Islamiyya ɗaya suke zuwa. Rijiyar burtsatsen farko da suka haƙa ba a tsakiyar fulotai suka sa ta ba, a bakin ƙauyen suka sa, da famfuna a waje, mata da yara na ɗiba tun kafin mu baƙi mu zo. A taswira an ware filin makarantar firamare da na masallaci da na maƙabarta, kuma da na je da ƙafata na tarar da su a ƙasa, an kafa musu duwatsu, ba a sayar wa wani a ɓoye ba. Burtalin da shanu ke bi zuwa rafi an bar shi yadda yake. Leburori da masu gadi da masu buga bulo 'yan garin ne. Lambatun da suka gina bai tsaya a ƙarshen katangarsu ya juye ruwa cikin gidajen ƙauye ba, sun ja shi har inda ruwan ke bi tun asali.

Wani zai ce wannan ai kyautatawa ce tsakaninsu da Allah, me ya shafi mai saye? Ya shafe shi ta aljihu. Na ajiye rodi da buhunan siminti a kangona wata huɗu ba ƙofa, ko ƙusa ba a ɗauka ba, domin yaron da zai ɗauka yayansa ne mai gadin wurin. Ba wanda ya taɓa tuge dutsen safiyona. Da taransifoma ta lalace, da mu da mutanen gari muka haɗa kuɗi muka tafi ofishin kamfanin rarraba wuta na KEDCO da murya ɗaya, dagaci a gaba. Da aka yi mana rasuwar jariri a shekararmu ta farko, ba mu ɗauki gawa muna neman alfarma a wata unguwa ba. Ka kwatanta da rukunin gidajen da aka kewaye da katanga mai tsawo, ciki fitila da ruwa, waje mutanen da aka karɓe wa gona suna sayen jarka a wurin 'yan garuwa. Wanda ke cikin wannan katanga bai sayi kwanciyar hankali ba, ko nawa ya biya. Zama lafiya da maƙwabci wani ɓangare ne na kuɗin fili, sai dai ba a rubuta shi a rasit.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Irin wannan fili ya fi na awon igiya tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba. Yana bayan gari, in kana aiki a cikin birni kuɗin mai zai riƙa tuna maka kullum. Za a hana ka wasu abubuwa: ba ka cin titi da baranda, ba ka fasa shago inda ka ga dama. Shekara biyun farko kuma za ka yi zaman kaɗaici, kai da kangwaye. Duk na yarda. Na ɗauki waɗannan a kan in sake tsayawa gaban wani dattijo da sanda.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin macuta sun gane cewa mutane sun fara tambayar irin waɗannan abubuwa, su ma sun koyi kwaikwayonsu.

Akwai rijiyar burtsatsen hoto. Za a kafa tanki a kan ƙarfe, a shafa masa fentin kamfani, ranar da za a kawo masu saye a cika shi da ruwan tanka. Buɗe famfon da kanka, a ranar da ba su san za ka zo ba, ka kuma tambayi yarinyar da ka gani da bokiti tun yaushe take ɗiba a nan. Akwai fal-fal ɗin wuta da aka kakkafa ba waya, ko da waya amma ba ta haɗu da komai ba. Bi layin da ido har ka ga inda ya ƙare. Akwai filin makaranta da ke cikin taswira kawai, in an sayar da sauran sai a yanka shi a sayar a ce "ragowa ce". Akwai motar kyauta da ake kwasar mutane ranar Asabar, a ba su lemo da nama, a tsaya da su a bakin kwalta a nuna musu fili mai kyau, alhali wanda za a rubuta musu yana can ciki, tafiyar rabin awa, bayan wani kwazazzabo. Ka ce a kai ka kan lambar da za a rubuta maka, ka taka duwatsunta huɗu, ka zo da safiyonka, ba nasu ba.

Sai maganar takarda. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ba shaidar fili ba ce, shaida ce kawai cewa akwai kamfani mai wannan suna. Wanda ya cuce ni ma yana da ita, a cikin gilashi a bango. Abin da za ka nema shi ne lambar takardar mallakar filin gaba ɗaya da lambar tsarin da aka amince da shi, ka ɗauka da ƙafarka ka kai KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, da ma'aikatar ƙasa a bincika maka: sunan wa ke kai, an jinginar da ita a banki ko ba a jinginar ba, wurin na gidaje ne ko an ware shi don wani abu. In aka ce maka "takarda na kan hanya", to bari ta iso tukuna. In aka nuna maka kwafi aka hana ka ɗaukar lamba, tashi ka tafi. Ka kuma tambaya tun kafin ka biya: in na gama, wace takarda za ta fito da sunana, wa zai biya kuɗin neman amincewar gwamna a kan mayar da mallaka, kuma cikin wata nawa? Doka ta ce sai da wannan amincewa ciniki ke cika, amma kamfanoni da yawa suna shiru a kai har sai ka gama biya, sannan a fito maka da sabon lissafi. Takardar ƙaramar hukuma kuma tana da wurinta a karkara; a yankin da gwamnati ta ayyana a matsayin birni ba ta isar maka.

Biyan kashi-kashi shi ne daɗin filin kamfani, shi ne kuma tarkonsa. Karanta abin da zai faru in ka makara wata biyu. Wasu sun rubuta cewa za su karɓe filin su mayar maka da kuɗinka bayan sun zaftare wani kaso, kuma sai sun sami wani mai saye. Wasu sun bar wa kansu ƙofar ƙara farashi a tsakiyar biya. Wasu ba sa nuna maka fulotinka sai ka gama, wato shekara biyu kana biyan abin da ba shi da wuri. Kada ka tura kuɗi asusun wani ma'aikaci ko da shi ne manaja, ko da abokinka ne na makaranta. Asusun kamfani, da rasit mai lambar fuloti a jiki, kowane biya. Ɗan abin da za ka ba lauya ya karanta maka yarjejeniya bai kai kuɗin tipar yashi biyu ba.

Dillalai kuwa, akwai na Allah a cikinsu, na san wasu. Amma ka riƙe cewa la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, don haka duk wani "Alhaji, wallahi mutum uku ne a kansa, in ba ka ajiye wani abu yau ba gobe babu" ka bar shi ya wuce ta bayan kunnenka. Filin da ba zai jira ka kwana bakwai ka yi bincike ba, ba rabonka ba ne. Ka yi hattara da fili mai arahar da ta wuce hankali a tsakiyar masu tsada: ko dai an sayar wa wani, ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko ana shari'a a kansa, ko tsohon kududdufi ne da aka cike da shara aka rufe da jar ƙasa. Wannan na ƙarshe ya yi yawa a Kano, don kududdufan da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan unguwa an bi su an cike. Gida a kan irin wannan wuri tsagewa yake daga ƙasa, ruwan da aka hana masauki kuma ɗakin wani yake komawa. Shi ya sa nake cewa fili a watan Agusta ake ganinsa, washegarin ruwa mai ƙarfi. Na rani duk kyakkyawa ne. Wanda ya taɓa ganin yadda zaizayar ƙasa ta ci gidaje a Bulbula da Gayawa ba zai sayi fili kusa da kwari don an ce masa "ai za a gyara" ba.

Duk wannan bincike na ofis da takarda yana da muhimmanci, amma wanda ya fi ba ni gaskiya ban biya ko kwabo a kansa ba. Ka je ƙauyen kai kaɗai, ba a motar kamfani ba, ba da dillali ba. Ka yi sallar la'asar a masallacinsu. Ka zauna wurin mai shayi ko inda dattawa ke hutawa a gindin bishiya, ka gaishe su yadda ya kamata, kada ka fara da cewa saye ka zo yi. Ka tambaya gonar wa aka yanka a can. Za a faɗa maka. Ka tambaya an sallame su? A nan ba a iya ɓoyewa: ko dai ka ji "Alhamdu lillahi, mutanen kirki ne, ga ma ruwan da suka ba mu", ko ka ga an kalli juna an yi shiru. Daga nan ka nemi gidan mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ina so in zama maƙwabcinku, na ce ba zan sa kuɗina ba sai na ji daga bakinka." Ka ji nasa, amma kada ka tsaya a kansa shi kaɗai, don wani lokacin shi ma an ba shi fuloti. Nemi mai gonar da kansa ko 'ya'yansa. Ka kuma nemi mutum biyu da suka riga suka gina a shimfiɗar kamfanin ta baya, ba wadda ake tallatawa yanzu ba, ka tambaye su takardarsu ta fito, kuma alkawarin titi da wuta da aka yi musu ya cika?

In ka samu wurin da ya tsallake waɗannan, ka saya ko da ƙaramin fuloti ne, ka kewaye shi da wuri ko da bulo layi uku ne, ka riƙa leƙawa. Gini kuma kada ka jira sai ka tara na gida gaba ɗaya, farashin kaya ba ya jiran kowa. Ɗaki biyu da banɗaki da kicin, da harsashi mai ƙarfin da zai ɗauki ƙari nan gaba, ka sa bulo a buga maka a gabanka kana ƙirga buhu. Ka tare, kuɗin hayar da kake ba wani ya koma siminti.

Ƙanina ya zo mini da wurare biyu, ɗaya ta hanyar Gwarzo, ɗaya ta wajen Kumbotso. Na ta hanyar Gwarzon ya fi arha kuma tallarsu ta fi ƙarfi, har da alkawarin kujerar Umara ga wanda ya yi sa'a cikin masu saye, abin da ya sa na ƙara jan ƙafa da shi. Mun karɓi lambobin takardun duka biyun, ya kai a duba. Mun yi da shi cewa Asabar ɗin farko bayan an yi ruwa mai ƙarfi za mu tafi a babur ɗinsa, shi ya zagaya fulotan ya ga inda ruwa ya kwanta, ni kuma in shiga gari in nemi masu gonar.